Abba, karanta wannan kafin ka taso gida

Assalamu alaikum Abba, ya aiki, ya iyali da yaran. Mamanka ce take faɗa min wai wannan karon da motarka za ka taso daga Abuja, kuma da ta tambaye ka ko ka san hanya sai ka ce ai akwai Google Maps a waya, to shi yasa na ce bari in rubuto maka tunda a waya kullum kana sauri.

Ban ce abin ba shi da amfani ba fa. Ni kaina na gani, ƙanenka ya kai ni gaisuwar mutuwa can bayan Hotoro da shi, har ƙofar gidan ya dire mu, ya kuma nuna mana inda titi ya yi ja saboda gosulo muka kauce. Amma shi lissafi kawai yake yi, kilomita nawa, minti nawa, cunkoson ma daga motsin wayoyin mutanen da ke kan titin yake gane shi. Bai san inda direbobi suka daina bi bayan la'asar ba, bai san inda ruwa ya cinye kwalta shekaranjiya ba, idan ya ga wata hanyar yanke da za ta rage maka minti 20 sai kawai ya ce ka karya kwana, ko da daji ne. Wallahi wannan ne yake hana ni barci.

Dan Allah tun da daddare ka zauna ka buɗe taswirar ka bi ta da ido tun daga Zuba, Tafa, Jere, Kaduna, Jaji, Zariya, Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Kura, har ka shigo ta Na'ibawa. Ka rubuta sunayen nan a takarda ka ba matarka ta riƙe. Duk inda muryar nan ta ce ka sauka daga babban titi ka bi wani garin da ba ya cikinsu kada ka bi, ko gosulon awa biyu ne ka zauna a cikinsa tare da jama'a, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kuma kafin ka taso ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da suka zo daga Kano a ranar, ka sayi musu ko shayi ne, su suka san inda ake aikin titi aka mayar da motoci hannu ɗaya.

Akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, saboda haka ka sauke taswirar a wayarka tun kana gida, tana aiki ko babu data sai dai ba za ta nuna maka cunkoso ba. Ka taho da cajar mota don abin yana shan batir sosai. Kuma kar in ji ka riƙe waya da hannu ɗaya sitiyari da ɗaya, laifi ne ma a wajen 'yan rod sefti, ka maƙala ta a gaba ko matarka ta riƙe tana faɗa maka. Lambarsu ta gaggawa 122 ce, ka ajiye.

Tafiyar kilomita 400 ce da ɗoriya, lokacin da wayar za ta ce maka za ka iso kar ka ɗauke shi alkawari har ka kama gudu don ka cika shi, bata sa tsayawa sallah da shan mai da fitsarin yara a ciki ba. Ka fito da gari ya waye sosai, ka iso da rana.

In ka shigo gari kuma ka kashe ta kawai, kai ɗan Kano ne. Ranar nan ta cusa mu wani lungu wajen Yakasai wanda ko adaidaita sahu da ƙyar, sai da yara suka yi ta ba mu hannu muka fito da baya. Ga ranakun hawa, ranar Hawan Daushe duk wajen Ƙofar Kudu a rufe yake.

Ka tura wa ƙanenka lokeshan ɗinka ta WhatsApp, ka zaɓi na awa 8, in ya ƙare ka sake turawa, ni kuma ka kira ni in kun wuce Kaduna. Mamanka ta ce ka duba tayar safaya da jak. Allah ya kawo ku lafiya, ka shafa min kan yaran.

Babanka