A Riƙa Auna Mai Karatu Kamar Yadda Ake Auna Marubuci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bibiyar shafinku na sharhin littattafai, kuma na lura cewa kwanan nan kun fara sako littattafan sauraro cikin waɗanda ake yi wa sharhi, wato littattafan da aka karanta aka naɗi muryar mai karatun domin mutum ya saurara a waya ko a mota. Na ji daɗin hakan ƙwarai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake yin sharhin. Mai sharhi zai tsaya ya warware jigo, ya yi bayanin zubi da tsari, ya auna taurarin labarin ɗaya bayan ɗaya, sannan a layin ƙarshe ya ce an karanta littafin da murya mai daɗi, wani lokaci ko sunan wanda ya karanta ba zai kawo ba. A ganina wannan rabin sharhi ne, domin duk wanda ya saurari littafi aikin mutum biyu ya saurara, na wanda ya rubuta da na wanda ya karanta, kuma kowannensu yana iya gyara aikin ɗan'uwansa ko ya ɓata shi.

Muhawara a kan yadda ya kamata a karanta littafi ta daɗe. Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar naɗar sauti a 1877, kuma a 1878, da yake lissafa abubuwan da za a iya yi da ita, ya ambaci littattafan da za su yi wa makafi magana. Sai a shekarun 1930 wannan buri ya tabbata. A 1931 Amurka ta yi dokar samar wa makafi littattafai ta hannun ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar, a 1934 aka fara raba littattafan da aka naɗa a faifan garmaho, a 1935 kuma Ingila ta fara nata shirin, wanda sojojin da suka rasa ganinsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya suke cikin dalilan kafa shi. Tun a wancan zamani masu sauraro suka rabu biyu. Wasu suna son mai karatu ya karanta sumul, kada ya sa ransa a ciki, ya bar su su zana hoton labarin da kansu kamar yadda mai ido yake yi a gaban takarda. Wasu kuma suna cewa karatun da babu rai a cikinsa gyangyaɗi yake sa su. Bayan haka kaset ya zo daga kamfanin Philips a 1963, Walkman na Sony, wato ƙaramar na'urar sauraron kaset ta tafi-da-gidanka, ya biyo a 1979, aka kafa Audible, kamfanin sayar da littattafan sauraro, a 1995, Amazon ya saye shi a 2008, har muka iso yau da littafi guda yake shiga waya cikin 'yan daƙiƙoƙi. Na'urori sun sauya, amma waccan tambaya tana nan, kuma ita ce ya kamata mai sharhi ya amsa wa kowane littafi da ya saurara: shin wannan mai karatu ya sa ransa daidai gwargwadon da labarin yake buƙata?

Dubi tsawon lokacin da mai sauraro yake yi tare da muryar. Masu wannan sana'a sukan karanta kalma 150 zuwa 160 a minti ɗaya, wato wajen kalma 9,000 a awa guda, saboda haka ƙagaggen labari mai kalma 90,000 zai ɗauki kusan awa goma. Awa goma murya ɗaya tana cikin kunnen mutum, yana tafiya da ita, yana aiki da ita, yana kwanciya da ita. Aibin da ba zai dami kowa ba a minti biyar, kamar jan numfashi da ƙarfi kafin kowace jimla ko sauke ƙarshen kowace magana a kan sauti iri ɗaya, idan ya maimaitu sau ɗaruruwa sai ya zama shi kaɗai kunne yake ji. Wanda zai ba da awa gomansa ya cancanci a gaya masa wannan tun kafin ya fara.

Abu na farko da nake saurara a wurin mai karatu shi ne ko ya fahimci abin da yake karantawa. Ana gane haka a inda yake ɗora nauyin jimla da kuma inda yake dakatawa. A ɗauka marubuci ya kawo uwa wadda ɗanta ya bar gida shekara da shekaru babu labari, rannan ta ɗaga kai ta gan shi tsaye a bakin ƙofa, ta ce da shi, "Ka dawo?" A takarda kalma biyu ce da alamar tambaya. A baki kuwa tana iya fitowa da murna, tana iya fitowa da tuhuma, tana iya fitowa a hankali kamar matar ba ta yarda da idanunta ba, kuma kowace daga cikin ukun wata uwa ce daban. Mai karatun da ya karance littafin kaf kafin ya zauna gaban makirfo ya san cewa babi uku nan gaba za a gano matar nan ta daɗe da sanin inda ɗanta yake, don haka zai faɗi kalmomin da wani ɗan sanyi wanda mai sauraro ba zai gane dalilinsa ba sai daga baya. Wanda yake ganin shafin karon farko a ɗakin naɗi zai zuba mata kuka da rawar murya, ya ba mai sauraro labarin da marubucin bai rubuta ba. Haka ma shirun da ke biyo bayan irin wannan magana. Daƙiƙa ɗaya ta shiru a wurin da ya dace tana barin magana ta sauka a zuciya, kuma na sha jin an hanzarta zuwa sakin layi na gaba kamar ana karanta sanarwa, duk nauyin wurin ya zube.

Na biyu shi ne muryoyin taurari, kuma a nan ne masu karatu da yawa suke wuce gona da iri. Namiji zai siranta murya har ta zama abin dariya duk lokacin da mace ta yi magana, ko a sa tsoho ya riƙa kakkarwa a kowace kalma, ko a ɗora wa mutanen wani yanki karin harshen da aka ƙara masa gishiri har ya zama ba'a. Gwanayen da na saurara ba su cika yin haka ba. Sukan ɗan sauya sauri, su ɗan sauke murya ko su ɗaga ta kaɗan, sai ka ji ka san mai magana ba tare da an gaya maka ba. Abin da ya fi wuya shi ne riƙe muryar: tauraron da ya fito a babi na biyu ya ɓace, idan ya sake bayyana a babi na ashirin dole ya dawo da muryarsa ta farko, ko da kuwa makonni ne tsakanin naɗin babin biyu. Sai kuma furucin sunayen mutane da na garuruwa. Idan mai karatu ya kira suna iri ɗaya a farkon littafi, ya kira shi wani iri a tsakiya, ya nuna bai yi bincike ba, kuma mai sauraron da sunan na yarensa ne zai daina yarda da shi daga wannan wuri.

Akwai aikin da ba na mai karatu ba ne, na masu naɗi da tacewa ne: ƙarar buɗe shafi, amon ɗaki, sautin da ke hawa da sauka tsakanin babi da babi, jimlar da aka maimaita aka manta ba a yanke ba. Layi ɗaya ya isa a faɗi ko an tsabtace wannan ko ba a tsabtace ba.

Ba ina cewa a ajiye labarin a gefe ba ne. Hasali ma sauraro yana tona asirin zubin labari fiye da yadda ido yake yi. Ido yana tsallake "ya ce" da "ta ce" bai ma san ya tsallake ba, amma kunne sai ya ji kowanne. Mai karatu da ido yana iya ratsa shafi biyu na siffanta ɗaki cikin ƙiftawa, mai sauraro kuwa sai ya zauna an bi da shi kujera bayan kujera. Idan labari yana yawan komawa baya yana dawowa, ko taurarinsa sun yi yawa kuma sunayensu sun yi kama da juna, mai takarda yakan juya shafi ya duba, mai sauraron da hannunsa ke kan sitiyari ba shi da wannan dama. Don haka labarin da aka gina da kyau, wanda kowane babi yake jan na gabansa kuma kowane tauraro yake da irin maganarsa, darajarsa takan ƙaru a kunne. Sai dai a yi adalci: akwai littattafai masu daraja waɗanda an yi su ne domin ido, masu taswira da jadawali da bayanan ƙasan shafi, kuma rashin daɗinsu a kunne ba ya rage musu komai. Aikin mai sharhi ne ya bambance ko gajiyar da ya ji daga rubutun take, ko daga karatun, ko kuwa littafin ne bai dace da wannan hanya ba.

Wannan bambancewa ita ce mafi wuya, domin gwanin mai karatu yana iya rufa wa raunin rubutu asiri, kamar yadda gwanin tela yake fitar da riga mai kyau daga yadin da bai taka kara ya karya ba, shi kuma mara gwaninta ya lalata mai tsada. Hanyar da na sani mai sauƙi ce. Mai sharhi ya samo bugaggen littafin, ya buɗe wurin da ya fi taɓa masa zuciya a sauraro, ya karanta shi shiru da idonsa. Idan har yanzu wurin yana da ƙarfi, yabon na marubuci ne. Idan ya tarar da jimloli na yau da kullum waɗanda murya ce ta hura musu rai, to ya san wanda zai yaba. Haka zai yi da wurin da ya gundure shi.

Ina kuma roƙon a riƙa faɗa wa masu karanta shafin abubuwan da suke da haƙƙin sani. A faɗa musu ko cikakken littafin ne ko an taƙaita shi, domin taƙaitaccen littafi hukuncin wani mutum na uku ne a kan abin da ya kamata a ji. A faɗa musu ko marubucin ne ya karanta da kansa, wanda a littafin tarihin rayuwa yakan ƙara armashi, a ƙagaggen labari kuwa ba kullum ba, tunda iya rubutu daban, iya karatu a fili daban. Mai sharhin kuma ya saurara da saurin da aka naɗa. Manhajojin yanzu suna ba mutum damar ninka saurin karatu, kuma ban ga laifin mai sauraron da ya yi haka don kansa ba, amma wanda ya matse duk shirun da mai karatu ya auna da gangan ba shi da bakin yanke hukunci a kan karatun.

A faɗa musu kuma ko mutum ne ya karanta ko na'ura. Tun farkon 2023 kamfanin Apple ya fara sayar da littattafan da muryar ƙirƙirarriyar basira ta karanta, wasu kamfanonin ma sun bi sahu. Ba na ƙin abin gaba ɗaya, domin akwai dubban littattafai da ba za a taɓa ɗaukar mutum ya karanta su ba, kuma ga wanda ba ya gani muryar na'ura ta fi rashin littafin. Amma na'ura tana tuntuɓe a daidai wuraren da na ambata a sama, kuma tuntuɓenta ya fi yawa a harshe irin namu, wanda rubutunsa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ta yadda sai wanda ya fahimci jimlar ne zai san wace kalma ake nufi. A ɗaya gefen akwai masu aikin sa-kai, irin na LibriVox da aka kafa a 2005, waɗanda suke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a kyauta daga gidajensu. Ba za a auna su da ma'aunin ƙwararru ba, amma faɗin wanda ya ƙware a cikinsu taimako ne ga mai nema.

Na san akwai masu ganin cewa sauraro bai kai karatu ba, saboda haka bai cancanci sharhi mai zurfi ba. Wani bincike da masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka buga a 2019 ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar ma'anar kalmomi kusan iri ɗaya suke aiki, ko mutum ya karanta labari ko ya saurare shi. Ko ba don wannan ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 suna da wata matsalar gani, ga kuma waɗanda ba su samu damar koyon karatu ba, da tsofaffin da idonsu ya gaji. A wurin da yawa daga cikinsu muryar mai karatu ita ce littafin, ba su da wani bugun da za su koma gare shi idan an ɓata musu wannan. A ƙasashen da sana'ar ta kafu ana ba ta muhimmanci, har ƙungiyar masu buga littattafan sauraro ta Amurka take ba da kyaututtukan Audie tun 1996, ciki har da na gwanayen masu karatu.

Roƙona, Malam Edita, shi ne duk sharhin littafin sauraro da za ku buga ya zo da sunan mai karatu kusa da na marubuci, da tsawon littafin a awoyi, da bayanin ko cikakke ne, sannan a ware wa karatun sakin layi nasa na kansa, wanda zai kawo misali ko da guda ɗaya daga cikin littafin. Idan da hali, ku sa cikin masu yi muku wannan sharhi wani daga masu lalurar gani da suka daɗe suna sauraro, domin kunnensu yana kama abin da namu yake wucewa.

Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar shafin sharhin littattafai