Yaya, maganar kai Abba wurin wasan kiɗa

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya, ya gida, ya yara, ya zafi, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Na ji saƙon muryarki jiya da daddare ina cikin bas ina dawowa daga aiki, har sau biyu na saurara, na so in maido maki amsa nan take sai na ga gara in zauna in rubuta, ki karanta a tsanake, in kin ga dama ma ki nuna ma Baban Abba.

Kin ce ƙanen mijinki ya sayi tikitin babban wasan nan da za a yi bayan Sallah, mawaƙa daga Kano da Kaduna har da na Legas, kuma ya riga ya yi ma Abba alkawarin zai tafi da shi, yaro har ya fara ƙirga kwanaki, ke kuma zuciyarki ba ta kwanta ba amma kina jin nauyin hanawa. Yaya don Allah kar ki bari. Zuciyarki gaskiya ta faɗa maki. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya da abin yi a wurin nan, kuma ba da ka nake faɗa ba, ni na kai tawa ɗiyar irin wurin na ga abin da ya faru.

Ban taɓa ba ku labarin ba don kar hankalin Inna ya tashi. Nan Landan akwai wani biki da ake ce ma Notting Hill Carnival, mutanen Jamaika da Tirinidad da sauran tsibiran can suka kafa shi, tun wajajen 1966 ake yin shi a kan titi, ƙarshen watan Agusta, Lahadi da Litinin, kuma mutum wajen miliyan biyu ke zuwa a kwana biyun nan. Ki duba fa, unguwa ɗaya. Masu shaguna har katako suke bugawa a ƙofofi da tagogi kafin ranar. Lahadin ita aka ware ma iyali, yara su sa kaya masu gashin tsuntsu kala-kala su yi jerin gwano. Maƙwabciyata, dattijuwar nan 'yar Jamaika da nake ba ki labari mai riƙe mani Ummi in ina aikin dare, jikarta na cikin masu jerin gwanon bara, ta ce mu zo mu gani. Na ce ai tunda ranar yara ce ba komai. Lokacin Ummi na da shekara uku da rabi.

Da safe wallahi abin ya yi kyau, ba zan ɓoye maki ba. Akwai masu kiɗa da wata irin ganga ta ƙarfe da ake yi da durom ɗin mai, sautinta mai daɗi, ba hayaniya, Ummi na ta tafi tana nuna yaran da hannu, na saya mata masara gasassa. Da a nan na juya gida da shi ke nan. Matar ma ta faɗa mani in tafi kafin azahar, ni ce na tsaya, laifin nawa ne ba na kowa ba.

Wajen ƙarfe uku sai gari ya canja. Manyan motoci suka fara shigowa an jibga masu lasifika kamar yadda ake loda buhunan gero a tirela, ga wasu kuma an girke su a bakin kowane lungu sun fi tsawon mutum biyu. Ƙarar nan Yaya ba a kunne kaɗai kike jin ta ba, a ƙirji kike jin ta, har cikinki rawa yake. Mutane suka cika titi, gaba mutum baya mutum, ba ke ke tafiya ba, tafiya ake da ke. Allah ya taimake ni na goya ta da zani ban zo da keken turawa ba, da ban san yadda zan yi da shi ba. Abin da har yau yake damuna shi ne ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da na farga da wuri. Shiru ta yi, ta cusa fuskarta a bayana, ta sa hannu biyu ta toshe kunne, jikinta ya sandare, can sai na ji ɗumi yana bin bayana, fitsari ta yi, yarinyar da ta fi wata shida da daina yi a jiki. Na juya zan fita babu hanya. Tashar jirgin ƙasan da ta fi kusa, Ladbroke Grove, rufe ta ake yi saboda bikin, waya kuma ba sabis don yawan mutane, ga warin wiwi da giya ta ko'ina, wani ya juyo gwiwar hannunshi ta bugi kanta bai ma sani ba, ba mugunta ya yi ba, bai gan ta ba ne kawai. Sai da wata 'yar sanda ta hango goyon ta buɗa mani hanya ta wani lungu. Na fi awa ɗaya ina tafiya a ƙasa kafin in samu mota, ina ta Hasbunallahu a raina.

Da daddare ta ƙi barci, ta ce mani Mama sauro ya shiga kunnena yana kuka. Na haska fitilar waya na duba ba komai. Kwana biyu tana faɗin haka. Na kai ta wurin likita, daga baya aka yi mata gwajin ji, Alhamdulillah aka ce kunnen lafiya lau, amma bayanin da aka yi mani ranar shi ya sa nake rubuta maki wannan doguwar takarda.

Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar gashi, su ke ɗaukar sauti su miƙa ma ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, wannan kukan da mutum ke ji a kunne bayan ya dawo daga gidan biki alamar sun wahala ne, in abin ya yi yawa su mutu, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan, ba ya sake tsirowa, ba allura ba ƙwaya. Ma'aunin ƙara desibel ake ce mashi. Hirar da muke yi ni da ke a tsakar gida wajen 60 ce. A 85, wato kamar wurin aiki mai injina, awa takwas ne iyakar abin da ake so babba ya ɗauka a rana, kuma duk ƙarin 3 da aka yi sai a raba lokacin biyu, to in kika bi lissafin kafin a kai 100 ya koma minti 15 kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa wuraren kiɗa kar su wuce 100 ɗin. Wannan lissafin na manya ne fa. Yaro ramin kunnenshi ƙarami ne, kuma babba in ƙara ta dame shi zai matsa baya, yaro kuwa inda aka ajiye shi nan zai tsaya. Yanzu ki tuna yadda masu DJ namu ke ƙure sauti a gidan biki har lasifika na tsatsa, wa kika taɓa gani ya zo da ma'auni? Balle fili guda da manyan mawaƙa, kuma kin san matasa, gaba-gaba zai kutsa don ya ɗauki bidiyo ya sa a TikTok, ga Abba a wuya.

Tun daga lokacin ko a bikin 'yan uwa nan in na ga mace da goyo tana rawa a gindin lasifika sai in je in ja ta gefe, wasu su ji haushi, ban damu ba. A gida ma muna yin haka sosai, ranar kamu da ranar wuni, jariri na barci a baya uwar na liƙi a gaban mai kiɗa, mu ce ai ya saba.

Sai maganar turmutsitsi, ita ta fi ba ni tsoro. Ki durƙusa ki kai tsawon Abba ki gani, a cikin taro shi ba ya ganin komai sai gwiwoyi da ƙugun mutane, iskar ma ta sama ce manya ke shaƙa. In an ce a ɗora shi a wuya, to a Amurka, garin Houston, watan Nuwamba 2021, wurin wani babban wasan kiɗa mai suna Astroworld mutum 10 suka mutu a turereniya, ƙaraminsu yaro ne ɗan shekara 9, kuma a wuyan ubanshi yake lokacin da abin ya faru, uban ya suma yaron ya faɗo. Nan Landan ma a Brixton, Disamba 2022, wasan wani mawaƙinmu na Najeriya, mutum biyu suka rasu a cunkoson bakin ƙofa. Ga na Ibadan a Disamba 2024, taron da aka shirya don yara, yara 35 suka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk waɗannan ba wanda ya fito daga gida da niyyar cutar da ɗanshi. Kuma namu wasan kin san ba a farawa kan lokaci, a ce ƙarfe huɗu sai bayan isha'i babban mawaƙi zai hau, yaro ya wuni cikin zafin nan na Katsina, ba inuwa, ba banɗaki, in aka tashi kowa ya nufi ƙofa ɗaya cikin duhu, ga 'yan sane ga masu babura.

Na san abin da za a ce maki, ai mu ma da mu ake zuwa kallon hawa tun muna 'yan mitsi-mitsi me ya same mu. Ni ma na yi wannan tunanin, har na zauna ina tuna lokacin da Baba, Allah ya jiƙanshi, yake riƙe hannunmu ya kai mu wajen Ƙofar Soro, ni da ke da sababbin atamfofi iri ɗaya, lalle bai gama bushewa ba. Amma ki tuna da kyau, Baba bai taɓa shiga da mu tsakiyar filin Kangiwa ba. Gidan Goggo yake kai mu, a hau da mu bene, daga can muke hango dawaki da 'yan lifida da dogarai, in 'yan bindiga sun matso ya ce mu toshe kunne, su buga su wuce. Algaita da kakaki da tambari da ƙarfin mutum ake busa su ake buga su, ba wuta ba lasifika, kuma wucewa suke yi, ba su tsaya a kanki awa biyar. Da rana ake yi, kafin yamma muna gida muna ƙirga kuɗin barka da Sallah. Sannan ko yaro ya ɓace a unguwa, wani zai ce ɗan gidan wane ne a maido shi. A filin wasa da dare cikin baƙi daga ko'ina wa ya san Abba?

Turawan nan ma da ake cewa suna zuwa da 'ya'yansu, gaskiya ne suna zuwa. Akwai wani babban wasan kiɗa da ake yi a gona a yankin Somerset, Glastonbury, kwana biyar, mutum wajen 200,000, yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ma kyauta yake shiga in yana tare da babba mai tikiti. Wata abokiyar aikina ta je da nata biyu. Amma da na tambaye ta, ashe fili daban aka ware ma yara da wasanninsu, can suke wuni, in za su kalli mawaƙa can baya suke tsayawa inda za a iya shimfiɗa tabarma, kowane yaro da abin rufe kunne irin na masu aikin filin jirgi, an rubuta lambar wayarta an ɗaura mashi a hannu, kuma su biyu ne ita da mijinta, ba mai sakin ido. Duk da haka ta ce ƙaramin ba ta ƙara zuwa da shi sai ya girma.

Ƙanen mijinki ba don komai ya yi ba sai don yana son yaron, na sani, tun yana jariri shi ke yawo da shi. Shi ya sa bana son ki fito ki ce mashi a'a da bakinki a gaban mutane, kin san zaman gidan miji, sai a ce kin raina shi ko ba ki yarda da shi ba. Ki samu Baban Abba in ya ci abinci ya huta ki karanta mashi wannan, shi ya yi ma ƙanenshi magana, tsakanin wa da ƙane ba a jin komai. In ya so ranar Hawan Bariki da safe ya ɗauki Abba su je su kalli dawaki daga inda ba cunkoso, ya saya mashi balan-balan da alawa, su biya gidan Goggo su yi gaisuwa, da dare ya tafi wasanshi da abokanshi hankali kwance, shi ma ai zai fi sakewa. Abba zai yi kuka, ki bar shi ya yi, ki ce mashi Anti ta ce akwai saƙonshi a hanya.

Kuma da gaske akwai. Wata 'yar Daura da muke aiki tare za ta zo gida hutu, zan ba ta abin rufe kunnen nan guda biyu, ɗaya na Abba ɗaya na jaririyar, ki riƙa sa masu in za ku gidan biki, da man zafin Inna, da 'yan kayan Sallah. Ummi har yanzu in na kunna injin markaɗe sai ta ruga ɗaki ta rufe ƙofa, amma da sauƙi ba kamar da ba, tana gaishe ku, kullum sai ta tambayi yaushe za mu Katsina ta ga doki.

Ki gaishe mani da Inna sosai, kar ki ba ta labarin nan dai, ki gaishe da Baban Abba da Kawu da duk mutanen gida. Yanzu agogonmu ɗaya da naku, ranar Juma'a ina tashi aiki ƙarfe takwas na dare, ki kira ni ki faɗa mani yadda kuka yi da shi.

Taki ƙanwa,
daga Landan