Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Lambu a Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawan ƙungiya, malam shugaba, 'yan uwa masu lambu na Ojo da Iba da Ikorodu da Agege, da abokan hulɗarmu 'yan gwari na kasuwar Mile 12, barkanmu da sake ganin wannan zama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar nan, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Lissafin kuɗin shiga da na fita ma'aji zai karanta shi daban. Nawa bayani ne kan alkawarin da muka ɗaukar wa kanmu a taron bara, cewa za mu rage dogaro da takin zamani da maganin feshi, mu koma gyara ƙasar da muke ci a kanta.

Kowa ya san abin da ya kai mu ga wannan shawara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu abin lambu da bai tashi ba, daga man injin ban-ruwa har buhun yuriya. Ga shi ƙasar wajen Ojo da Iba rairayi ce, ba ta riƙe abin da aka ba ta. Ka zuba taki yau, ruwan watan Yuni ya sauko gobe, ya wanke kuɗinka ya kai kwata. Fangalin da a da gwangwani ɗaya ke isarsa ya koma sai biyu, ganyen kuma bai ƙara kyau ba.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne haɗa takin gargajiya. Kayan haɗin duk suna nan kusa da mu, a da ma ido ne ba mu kai ba. Kashin kaji daga gonakin kaji na Ikorodu da Epe, kashin shanu da tarkacen tumbi daga kwatar Oko-Oba a Agege, inda 'yan uwanmu mahauta suka taimaka ƙwarai, sai ganyen kabeji da fasasshen tumatir na Mile 12, wanda in ba mu kwashe ba bola za a kai shi, irin ta Olusosun da ke Ojota. Da farko mun yi kuskure. Mun haƙa rami kamar yadda ake yi a gida, muka manta nan Ikko ruwa yana kusa da sama. Damina na kankama ramin ya cika, kayan suka jiƙe sharkaf, wari ya hana maƙwabta sakat, sai da muka je muka ba da haƙuri. Daga nan muka koma tara shi tsibi a bisa ƙasa, shimfiɗar ɗanyen kaya, shimfiɗar busasshiyar ciyawa, a yayyafa toka, a rufe da tampol.

Wanda ya je lambun gwaji na Iba ya ga yadda baba mai kula da tsibin yake aunawa. Sanda yake soka wa har tsakiya, ya bar ta ɗan lokaci, ya zaro ya damƙe a tafin hannu. In ta fito da zafi da ɗan danshi, sai ya ce, "Tukunya na dahuwa, ku bar ta." In ta fito da sanyi, a juya tsibin a yayyafa ruwa. Wannan zafin shi ke kashe 'ya'yan ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta, shi ya sa muke ta nanata cewa kada a kai ɗanyen kashin kaji kan salak, ganyen da ake ci ba a dafa ba. Wani ɗan uwanmu ya yi gaggawa ya zuba ɗanye, dashensa ya ƙone ƙurmus cikin kwana uku. Wanda ya jira wata biyu zuwa uku kuwa, ya sami baƙar ƙasa mai ƙamshin farkon damina, fangalinsa kuma ya daina shanye ruwa kamar an zuba a kwando.

Batun feshi bai zo da sauƙi haka ba, kuma gara in faɗa muku gaskiya. Mun yi ta koyar da haɗin 'ya'yan dogon yaro: a daka, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma saboda rana na kashe ƙarfinsa. Direbobin da ke kawo tumatir daga Kano da Zariya suka riƙa sako mana buhunan 'ya'yan a saman kaya, Allah Ya saka musu da alheri. Yana maganin darɓa da tsutsa tun tana ƙarama, amma ba ya kashewa nan take. Hana ƙwaro ci yake yi, ya hana shi girma. Wanda ya saba ya fesa ya ga tsutsa na zubowa a gabansa, sai ya ga kamar bai yi komai ba. Da dama sun koma wa maganin kanti, kuma ban ga laifin mutumin da abincin iyalinsa ke kan fangali goma ba. Abin da kwamiti bai yarda da shi ba, kuma ba zai yarda ba, shi ne a fesa da yamma a yanka da asuba a kai kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wakenmu saboda yawan maganin diklobos da aka samu a cikinsa. Su sun sami damar cewa ba sa so. Yaron da uwarsa ta sayo ewedu, wato lalo, a kasuwar Iyana-Iba ba shi da wannan damar, kuma 'ya'yanmu ma daga lambun nan suke ci.

Mun kuma gwada gauraya shuka da sauya ta: wake a bayan alayyafo, kuɓewa a tsakanin ugu, daddoya a bakin fangali. Ranar da aka tumɓuke tushen wake aka nuna wa matasa ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, aka fasa ɗaya aka ga ja-ja a ciki, aka ce musu nan ne wake ke tara wa ƙasa abincin da muke saye a buhun yuriya, wasu har ɗaukar hoto suka yi. Wani matashinmu ɗan makaranta ya karanto mana cewa hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da ginshiƙai goma na irin wannan noma a 2018. Baba mai kula da tsibin taki ya saurara har ƙarshe, ya ce haka mahaifinsa ke shuka gero da wake a gandu. Ajiyar iri ma ta fara kama ƙasa, musamman na alayyafo da shoko da ewedu, a kwalba da ɗan toka.

Kasuwa ce ba mu taɓuka abin kirki ba. Mai saye da ido yake saye. Ganye na da 'yar huda, farashi ya faɗi, kuma babu wanda ya ƙara mana ko kwabo don ba mu fesa guba ba. Wasu daga cikin matan Yarbawa da ke zuwa sari da asuba sun ce ganyen takin gargajiya ya fi jimawa bai yi yaushi ba, sun fara tambayarsa. Nan kaɗai muka tsaya.

Sai babbar maganar, wadda ta fi damuna. Gyaran ƙasa aikin shekaru ne, mu kuwa kusan dukkanmu a ƙasar aro muke noma: ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, gefen titi, filin da mai shi bai tashi gini ba. Wani ɗan uwanmu ya shekara yana zuba taki har rairayinsa ya yi baƙi. Wata safiya ya iso da butar ban-ruwa ya tarar an sauke bulo a kan salak ɗinsa, an ba shi mako guda. Muka taru da baro da shebur da buhuna, muka kwashe ƙasar saman da ya wahala a kanta, muka kai ta wani fili. Yana cika buhu bai ce uffan ba, mu ma ba wanda ya iya magana. Tun ranar, duk wanda na ce wa ya haɗa taki, tambayar da yake fara yi mini ita ce, "Malam sakatare, wa zan gyara wa?"

Saboda haka kwamiti na kawo shawara gaban wannan zama: daga yanzu ƙungiya ta riƙa shiga tsakani a duk aron fili, a rubuta yarjejeniya a takarda, da shaidar sarkin Hausawan unguwa da baalen wurin, wato mai unguwar Yarbawa, a sa sharaɗin cewa ba za a tashi mutum ba sai ya kwashe abin da ya shuka. Muna kuma son wakilai su je ma'aikatar gona ta jiha a Alausa su nemi fili na dogon zango a wajen Epe ko Badagry, ko da kuɗin haya ne. Bayan rahoton ma'aji za a ɗaga hannu a kan wannan. Masu son shiga rukunin haɗa taki na rani su ba da sunansu kafin a tashi, don motar kashin kaji a haɗa kuɗi ake ɗaukarta.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.