A sa ɗalibanmu cikin binciken nukiliya tun suna lisans

Malam Edita, sallama.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan yaranmu masu karatun fizik a jami'o'in Marwa da Ngaundere. Yaro ya shekara 3 yana haddace lissafin nukiliya a allo amma bai taɓa riƙe na'urar Geiger, mai auna tururin nukiliya, ya ji tana ƙas-ƙas ba, wallahi abin na damuna, alhali ga yuraniyom kwance a ƙasar Poli, nan arewacin Kamaru, ga kuma muon, wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, da ke sauko mana daga sama, kusan ɗaya duk minti a kan wuri kamar faɗin farce, ƙaramar na'ura ma tana ƙirga su.

Kuma dama akwai fa. CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai da ke Janiba, na ɗaukar ɗaliban jami'a duk shekara su yi makonni suna aiki da masana, har da 'yan ƙasashen da ba mambobi ba. Ga ICTP, cibiyar nazarin fizik ta duniya a Tiriyeste ta Italiya, wadda masanin fizik Abdus Salam ya kafa a 1964 saboda irin ƙasashenmu. Turanci ne yakan kayar da namu, tunda da Faransanci suka taso. Malamai su manna sanarwar da wuri, su taimaka musu da wasiƙar shaida.

Naka,
wani malamin lise, Garwa