Masu kuɗi ku haɗa da malaman gona

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan yadda attajiranmu ke shiga harkar noma da kiwo, abu ne mai kyau wlh ba wanda zai ƙi, amma akwai inda nake ganin ana yin tuya ana mantawa da albasa.

Marigayi Alhaji Sani Dangote, Allah ya jiƙansa da rahama, ya yi abin da da yawa daga masu kuɗinmu ba su yi ba, ya kawo kamfanin sarrafa tumatir har Kadawa a ƙaramar hukumar Garun Malam. A 2016 aka fara aiki, injinan za su iya niƙa tan 1,200 a rana ɗaya. Toh sai ga tsutsar nan da manoma ke ce wa Sharon ta faɗa wa gonaki a shekarar, ta cinye ganye ta huda 'ya'ya, mutane na ta feshi safe da yamma kamar ruwa suke zuba mata, tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kamfani ya tsaya. Bayan nan ma an sha buɗewa ana rufewa saboda kaya ba sa isa, kuma ba ruwa aka rasa ba tunda ga dam ɗin Tiga nan tun zamanin Audu Bako yana ba Kura da Kadawa ruwa. Manomi ne bai samu wanda zai zauna da shi a bakin kwami ya nuna masa wane iri zai shuka, yaushe zai canja magani, ya zai yi kadada ɗaya ta ba shi ninki biyu ba. Sannan ranar da kwando ya yi kuɗi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, kai ma ka san ba wanda zai kai wa kamfani, motar Legas zai loda wa, ranar da kasuwa ta faɗi kuma sai dai a yanka a shanya kauɗa a gefen titi ƙura na bi ta kai.

Kiwo ma haka. Wani Alhajin zai sayo shanun Turai irin Friesian da kuɗi masu yawa ya zuba a gona, a zo a ɗau hoto a sa a Facebook, kafin a ci Sallah biyu zafi da kaska sun kassara su, don yaran da ya ɗauka ba wanda ya koya musu komai, dusa da harawa kawai suka sani. Alhali Bunajinmu tana jure wahalar nan duk, nono ne dai ba ta da shi, da ƙyar ka tatsi lita biyu. Haɗa jinin ake yi a hankali a samu 'yar maraƙar da ta ɗauko juriyar uwa da nonon uba, kuma masana na nan zaune a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika kusa da Zariya, su ne ma suka fitar da kazar nan Shika Brown.

Ni roƙona ga Alhaji Aliko da sauran masu hali irinsa, tunda jami'ar Wudil ma sunansa take ɗauke da shi yanzu, ga kuma kwalejin noma ta Audu Bako a Dambatta, a ɗauki nauyin yaran da ke karatu a wuraren nan, musamman 'ya'yan manoma da na Fulani, in sun gama a ba su albashi da babur a tura kowa ƙauyensu ya zama malamin gona. Mu da muka taso mun ga malamin gona da idonmu yana zagaye, yaran yanzu ko labarinsa ba su sani ba, mai shagon maganin feshi shi ne likita shi ne malami, duk kwalbar da ta daɗe a kanta ita zai miƙo maka.

Gwamnatin tarayya ta buɗe ma'aikatar kiwo a 2024, amma in za mu jira ta iso rugar bayan garinmu za mu daɗe. Kuɗin injin ɗaya na kamfani ya isa ya riƙe malaman gona masu yawa, dan Allah a gwada ko a Garun Malam da Kura ne a noman ranin bana.

Naku, mai karatu daga Kura, jihar Kano.