Otel ɗin bakin teku: tsada ba gyara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ƴan kasuwarmu na Maradi da ke sauka wani babban otel a bakin tekun Kwatano suna biyan kuɗi masu tsoka, su kwana cikin warin danshi. Iskar teku gishiri gare ta. In ba a wanke bayan na'urar sanyaya ɗaki da ruwan famfo akai-akai, tsatsa ta huda bututun, gas ya tsiyaye, sai ƙara ba sanyi. Magudanar ruwanta kuwa in ta toshe, bango ya jiƙe, fumfuna ta fito. Ruwan wurin ninƙaya ma ya yi kore, don ba a auna kulorin, maganin tsabtace ruwa, kullum. A kira ma'aikaci, sai "yana zuwa".

Matafiyi ya nemi ganin ɗakin, ya kunna na'urar minti 10 kafin ya biya.

Wani mai karatu,
Maradi