Wasiƙa zuwa ga 'yata a Amurka kan bikin Halowin

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Na saurari saƙonki kan rigimar da angona ya tayar, wai sai an saya masa kayan dodo tunda ajinsu zai yi Halowin ranar 31 ga Oktoba. Kin ce kin rasa ta cewa. To, ga tawa shawarar.

Ki fara cire wa ranki cewa bikin Kiristoci ne, ko kuma duk wanda ba Musulmi ba yana yin sa. Tushensa mutanen Ailan da Sikotlan ne na dauri, masu bikin ƙarewar kaka da shigowar hunturu, da imanin cewa a daren nan matattu kan kusanto masu rai. Daga baya cocin Katolika ta tsayar da 1 ga Nuwamba ranar tunawa da waliyyanta, jajibirin ya faɗo kan tsohon bikin, suka cakuɗe. 'Yan Ailan da yunwar lalacewar dankali ta koro a shekarun 1840 su suka yaɗa shi a ƙasar da kike zaune. A nan suka tarar da kabewa, ake ƙwaƙule cikinta, a yanka mata ido da haƙora, a kunna kyandir a ciki. Yawon yara gida gida neman alewa kuwa bai bunƙasa sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sukari ya wadata.

Yanzu duba masu ƙin sa. Shaidun Jehobah ba sa kusantarsa ko kaɗan. Majami'u da yawa na masu wa'azin bishara kan tara yaransu a harabar coci su yi bikin girbi, don kada su fita cikin shigar mayu. Yahudawa masu riƙo da addini su ma ba ruwansu, suna da nasu bikin na Furim da yaransu ke yin shigar ban dariya. A sassan Jamus 31 ga Oktoba ranar hutu ce ta tunawa da malamin coci Martin Luther da gyaran cocin da ya soma a 1517. Mutanen Meksiko da Filifin kuwa maƙabarta suke nufa ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, su share kaburburan iyaye, su ajiye furanni.

Masu yin sa kuma ba lallai addini ya kai su ba. A Japan, inda Kiristoci 'yan kaɗan ne, samari sun sha cika unguwar Shibuya ta birnin Tokyo da shagali. Kin tuna abin da ya faru a unguwar Itaewon ta birnin Seoul na Koriya ta Kudu lokacin bikin a 2022, inda turmutsitsi a wani ɗan lungu ya hallaka mutum fiye da 150, yawancinsu matasa. A shekarar ta 2022 har a Riyadh an ga masu shigar Halowin. Kin ga ke nan ba ke kaɗai ce uwar da ke cikin wannan tsaka mai wuya ba, ƙila ma maƙwabciyarki Kirista ta fi ki ƙyamar abin.

Ni dai ban yarda a yi wa jikana shigar gawa ko shaiɗan ko maye ba. Mutuwa ba abin wasa ba ce a wurinmu, mamaci addu'a muke bin sa da ita, kuma malamai da yawa sun yi hani da bikin. Amma ki bi shi a hankali. Kada ki ce masa abokansa 'yan wuta ne, gobe zai maimaita a aji, ki jawo masa tsana a banza. Ki zaunar da shi ki ce kowane gida da abin da yake yi, mu ga namu. Ki ba shi labarin tashe, yadda yayyenki ke manna gemun auduga, su cusa tsumma a riga ya zama tumbi, su bi gidaje cikin azumi ana ba su hatsi da 'yan kuɗi. Abin da yake so ke nan: shiga, dariya da alewa. Waɗannan ba su fi ƙarfinki ba.

Ki je wurin malamarsa tun da wuri, cikin mutunci, ki nemi a ba shi wani aikin a lokacin bikin. Ki kuma bincika masallacinku, da yawa kan shirya wa yara wasanni a daren. A al'adar mutanen nan, in fitilar ƙofar gida a kashe take, yara kan wuce. In kuwa wani ƙaramin ya ƙwanƙwasa, kada ki kore shi da ɗaure fuska, ɗan maƙwabci ne, ki sallame shi da fara'a.

Ku tattauna da maigidanki ku tsayar da magana ɗaya kafin ranar, don kada yaro ya ji biyu. Babanki yana gaishe ku. Zan ba da saƙon kilishi da alkaki in an samu mai tahowa.

Mahaifiyarki.